Yadda Ake Gane Tsohon Injin Fatsa da Shekarun da Aka Ƙera Shi

Tambaya guda ce ke ta dawowa gare ni daga masu sha'awar kamun kifi da fatsa: "Malam, ga wani injin naɗe zare na samu, na wace ƙasa ne, kuma shekararsa nawa?" Wani a Babbar Kasuwar Katsina ya tsince shi cikin tarkacen kayan gwanjo, wani a hannun 'yan gwangwan ya karɓe shi ana shirin ɗora shi a sikeli, wani kuma a akwatin marigayi mahaifinsa ya gani. Masuntanmu na Zobe da Jibiya da Ajiwa, da na Sabke da Daberam a ƙasar Daura, yawanci da birgi da taru da koma suke aiki, saboda haka ko ka kai musu injin ba lallai ka sami amsa ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne tsatsa da dauɗa ba shekaru ba ne. Injin da aka ƙera shekara goma da suka wuce, idan ya sha ƙurar hunturu biyu da zafin bazara a rumfar kwano, zai yi maka kama da na zamanin Turawa. Wanda kuma aka ƙera a 1960 aka ajiye shi a kwalinsa, sai ka rantse sabo ne. Mai sayen rago a kasuwar Mai'adua haƙori yake dubawa, ba gashi ba. Shekarun inji suna rubuce a jikinsa, a warwatse wuri huɗu ko biyar, kuma aikinka shi ne ka tattaro su bi da bi ba tare da ka goge ko ɗaya ba.

Kayan da za ka tanada

Ba kaya masu tsada ba ne, yawancinsu ma suna gidanka. Kana buƙatar waya mai kyamara mai kyau, da tocila, da tsohon buroshin haƙori, da farin tsumma na auduga, da faranti mai baki wanda za ka yi aikin a cikinsa. Sai ƙananan sukundireba, mai faɗin baki da mai kuros, irin na masu gyaran rediyo ko agogo. Sai ɗan mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ya isa. Sai kananzir rabin kwalba, da man keken ɗinki, da giris mai laushi kaɗan, da alli guda, da takarda da biro.

Idan babu komai a hannunka, in ban da wayar, sukundireba ce za ta ci mafi yawan kuɗin. Nan ne ban yarda a yi tsimi ba. Notunan tsofaffin injuna da yawa na tagulla ne da aka shafa wa farin ƙarfe, suna da taushi. Sukundireba mai arha wadda bakinta bai cika tsagar notin ba za ta zame ta cinye kan, daga nan kuma ba ya kwantuwa sai da ɓarna.

Abin da ba ya cikin kayan aikin nan: samfefa, buroshin waya, fetur, ruwan batir, da fenti.

1. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai

Shimfiɗa tsumma a faranti, ka ɗora injin a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba. Ɗauki hotonsa ta gefen dama da hagu, ta gaba da baya, sannan ka kifa shi ka ɗauki ƙarƙashin ƙafarsa, wato ɗan ƙarfen nan mai tsawo da ke zama a jikin sanda. Duk inda ka ga rubutu ko lamba, matso da wayar ka ɗauka daban.

Bayan haka ka kaɗe ƙura da busasshen buroshi. Idan rubutun da aka tona a ƙarfe ya cika da datti, ɗiga kananzir a bakin tsumma ka goga a hankali. Idan ya dushe, goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramin haruffan su fito. Haska tocila daga gefe, kusan a kwance, ita ma tana fito da lambar da ido bai gani ba.

*Gargaɗi:* wani rubutun fenti ne kawai, wani kuma takarda ce aka manna. Fetur da tina suna cinye su nan take, kuma wani lokaci wannan 'yar takardar ce kaɗai shaidar sunan kamfanin. Kada ka jiƙa injin gaba ɗaya a cikin wani ruwa a wannan matakin, ko da ruwan omo ne.

2. Tantance irinsa

Wanda aka fi samu a wajenmu shi ne mai rataya a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa yana kallon gaba, da bakan waya da ke zagayawa yana naɗe zare. Na biyu shi ne mai zama a kan sanda, kwarkwaronsa a kwance tsakanin faifai biyu, shi kansa kwarkwaron ne ke juyawa. Na uku mai rufaffiyar fuska ne, zare yana fitowa ta ɗan rami, da maɓalli a baya da ake dannawa da babban yatsa. Wannan bai yaɗu ba sai bayan da kamfanin Zebco na Amurka ya fitar da nasa a 1949, kuma shahararrensa mai lamba 33 ya fito a 1954. Na huɗu faifai ne guda siriri, babu giya mai yawa a cikinsa. Idan ka ga irinsa na katako da tagulla, ka riƙe shi da kyau, don irin waɗannan tsohuwar ƙirar Ingila ce.

A kan na farkon zan tsaya, domin siffarsa kaɗai tana ba ka zamani. Dubi bakan wayar. Idan rabi ne, ya fito daga gefe ɗaya ya lanƙwasa ya tsaya bai kai ɗaya gefen ba, kada ka yi saurin cewa karyewa ya yi. Kamfanin Hardy na Ingila ne ya yi rajistar cikakken baka a 1932, sauran kamfanoni suka yi ta amfani da rabi har wa'adin rajistar ya ƙare wajen 1954. Duba bakin wayar: idan a goge yake sumul kuma babu gurbin noti a ɗaya gefen, haka aka ƙera shi, kuma mai yiwuwa injin ya girmi 1955.

Sai kwarkwaro. A tsofaffi, kwarkwaron yana nutsewa cikin wani ƙoƙo da ke juyawa. A na baya-baya, kwarkwaron ne ke da siket da ya rufe ƙoƙon ta waje, kuma wannan ƙirar a shekarun 1970 ta yaɗu. Idan abin ɗaure birki, wato abin da ke rage gudun zare in kifi ya ja, yana can baya a gindin inji maimakon a kan kwarkwaro, ka fi zaton shekarun 1980. Haka ma jiki: na da ƙarfe ne, yawanci alminiyam, za ka ji nauyi da sanyi a tafin hannu. Jiki baƙi mara nauyi mai kama da roba mai tauri ya fara yawa ne daga shekarun 1980. Manna mayen ƙarfe a sassa daban-daban ka rubuta inda ya kama. Alminiyam da tagulla ba sa kamawa, kuma wannan zai yi maka amfani a mataki na shida.

3. Karanta sunan ƙasa

Mutane suna tsallake wannan rubutun suna neman lamba, alhali sau da yawa shi ne ke yanke magana. Ƙasashe suna canza suna, kamfanoni suna canza wurin ƙira, kuma duk sauyin yana barin alama.

Idan ka ga "West Germany", an ƙera injin tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus take rabe biyu. Injunan D.A.M. Quick, masu nauyi da ƙarko, da yawansu wannan rubutun ke jikinsu. Harufan D.R.P. ko D.R.G.M. alamar rajistar Jamus ce ta tsohon tsari, wanda ya ƙare bayan Yaƙin Duniya na Biyu, D.B.P. da D.B.G.M. kuma na bayan 1949 ne. "Made in Occupied Japan" na nufin shekarun da Amurka ke riƙe da Japan bayan yaƙi, wanda ya ƙare a 1952. "USSR" ko "CCCP" ba zai wuce 1991 ba. A kayan Faransa, rubutun "Breveté S.G.D.G." tsohuwar ƙa'idar rajista ce da aka soke a 1968, ko da yake wasu masana'antun sun ɗan ci gaba da buga shi bayan haka.

Sunan kamfani ma yana da shekarar haihuwa. Shimano bai shiga harkar kayan kamun kifi ba sai 1970, saboda haka duk wanda ya ce maka Shimano ɗinsa na 1960 ne, ka yi masa uzuri amma kada ka biya kuɗin 1960. Daiwa a shekarun 1950 ya fara. A injunan kamfanonin Japan, "Made in Japan" yawanci ya girmi "Made in Korea", shi kuma ya girmi na Chaina, wanda ya mamaye kasuwa daga shekarun 1990.

Sunan Garcia yana rikita mutane ƙwarai, kuma ya kamata a warware shi. Garcia kamfanin Amurka ne da ke shigo da injunan Mitchell daga Faransa da na ABU daga Suwidin yana sayarwa, shi ya sa sunansa ke fitowa a jikin kayan kamfanoni biyu da ba su haɗa komai ba. Ya karye a 1978, ABU ya saye shi a 1980, sunan Abu Garcia a haɗe ya zama sunan kamfanin a 1984. Don haka "Garcia Mitchell" abu ne daban, na kafin ƙarshen shekarun 1970, kuma na Faransa.

*Gargaɗi:* sunan ƙasa da ke kan kwarkwaro ko hannu kaɗai bai isa ba, domin ana cire su a sa wasu. Wanda aka tona a gangar jiki ko a ƙafa shi ne abin dogaro.

4. Nemo lambar ƙafa

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma aka fi yin kuskure, domin kowane kamfani da tsarinsa. Lambar da ke gefen inji da manyan haruffa, irin su 300 ko 5000 ko 704, lambar samfuri ce, ba shekara ba. Wadda kake nema ƙarama ce, yawanci a ƙarƙashin ƙafa.

Fara da Mitchell, tun da shi ya fi yawa a kayan gwanjon da ke biyowa ta ƙasashen renon Faransa. Baƙi ne, jikinsa mai siffar ƙwai, an ƙera shi a garin Cluses na Faransa daga ƙarshen shekarun 1940. Na farko-farko sunan Mitchell kaɗai ke jikinsu, lambar 300 ba ta fara fitowa ba sai wajen ƙarshen shekarun 1950. Mai lamba 301 shi ne dai 300, amma na mai juyawa da ɗaya hannun. A shekarun 1960 lambar ƙafa zallan alƙaluma ce mai tsawo, tana ƙaruwa shekara bayan shekara. Daga wajen 1971 aka koma sa harafi a farko: A wajen 1971, B wajen 1972, C wajen 1973, D wajen 1974, haka har zuwa H wajen 1978. Ka bar tazarar shekara guda gaba, domin harafin ba lallai ya canza daidai ranar 1 ga Janairu ba.

*Gargaɗi:* tsofaffin Mitchell na farkon shekarun 1950 su ma suna da A ko B ko C a farkon lambarsu. Abin da zai raba maka su shi ne abin da ka gani a mataki na biyu. Harafin A da rabin baka, babu 300 a jiki, wannan tsohon gaske ne. Harafin A da cikakken baka da "Garcia Mitchell 300", na 1971 ne ko 1972. Tsakaninsu shekara ashirin, tsakanin farashinsu kuma tazara mai yawa.

ABU kamfanin agogo ne a garin Svängsta na Suwidin tun 1921, kafin ya fara injin fatsa a 1941, kuma za ka ji hannun masu agogo a yadda yake juyawa. Shahararrensa Ambassadeur 5000, ja mai faifai biyu, ya fito a 1952. Na farkon suna ɗauke da sunan "Record" tare da Ambassadeur. Tsofaffi noti huɗu ke riƙe da faifan gefe, na baya uku. A yawancin shekarun 1970 lambar ƙafa alƙaluma shida ce: biyun farko shekara, biyun tsakiya wata, biyun ƙarshe lambar sauyin ƙira. Idan ka ga 760301, watan Maris ne na 1976. Gwada lambarka: idan biyun tsakiya sun wuce 12, ko biyun farko ba su yi kama da shekarar da siffar injin ta nuna ba, to wani tsarin ne na kafin haka ko na baya, kada ka tilasta mata. Injinsu mai bakan waya, Cardinal, bai girmi 1965 ba.

Shakespeare na Amurka shi ya fi sauƙi, in ka san sirrin. Kusa da kalmar "Model" za ka ga haruffa biyu. Kowane harafi alƙalami ne, ana ƙirgawa da baya: K 1, J 2, H 3, G 4, F 5, E 6, D 7, C 8, B 9, A 0. Babu harafin I a ciki. Sai ka sa 19 a gaba. GE ya zama 1946, FK 1951, HD 1937, EC 1968. Amma wannan shekarar da aka fito da samfurin ce ko aka yi masa sauyi na ƙarshe, ba ranar da aka ƙera wanda ke hannunka ba. Ana iya ci gaba da buga GE shekaru bayan 1946. Abin da za ka rubuta shi ne "1946 ko bayanta".

Penn, wanda aka kafa a Philadelphia a 1932, ba ya sa lambar shekara, kuma yakan yi shekaru da dama yana ƙera samfuri guda. Samfurinsa mai suna Senator ya fara a 1936, Squidder a 1938. Abin da ake dubawa shi ne ƙananan lambobin da aka buga a jikin kowane sashe, a hannu da ƙafa da giya. Ba a fara buga su ba sai farkon shekarun 1950, don haka Penn da babu su ko ɗaya ya fi tsufa. A masu bakan waya, Spinfisher ya fito a 1961 da koren fenti, baƙi da ruwan zinare mai harafin Z kuma daga ƙarshen shekarun 1970 ne.

Idan injinka ba ya cikin waɗannan, rubuta sunansa da lambar samfuri daidai yadda suke a jiki, ka nema a intanet. Hotunan tsofaffin kundin tallar kamfanin sun fi maganar masu sayarwa amfani, domin kundin yana da shekara a bango.

5. Lambar rajistar ƙira da kwali

Idan ka ga "Pat." ko "Pat. No." da doguwar lamba a injin Amurka, ta ba ka shekarar da injin ba zai girme ta ba. Rajistar ƙira ta Amurka ta kai miliyan 1 a 1911, miliyan 2 a 1935, miliyan biyu da rabi a 1950, miliyan 3 a 1961, miliyan 4 a 1976, miliyan 5 a 1991. Lamba mai farawa da 2,7 kenan tana tsakiyar shekarun 1950. Idan lambobin suna da yawa, mafi girma ita ce abin lura.

In Allah ya sa injin ya zo da kwalinsa ko takardarsa, kada ka yar ko sun yage. Adireshin Amurka mai lambar gidan waya ta alƙaluma biyar a ƙarshe bai girmi 1963 ba. Zanen layukan nan da ake haskawa a kanti bai girmi 1974 ba. Ka dai tabbatar lambar samfurin da ke kwalin ita ce a jikin injin, don masu gwanjo sukan cusa kaya a kwalin da ya samu.

6. Buɗe murfin gefe, ka nemi kayan aro

Sai yanzu za ka taɓa noti. Murfin gefe kaɗai za ka buɗe, ba warware injin za ka yi ba. Ɗiga man keke a kan kowane noti ka bar shi ya kwana idan ya ƙi. Danna sukundireba ƙasa sosai kafin ka murɗa. Jera notunan a kan tsumma yadda ka ciro su, ka ɗauki hoton cikin kafin ka motsa komai.

Tsohon giris yakan bushe ya yi ƙarfi, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan ne yakan sa inji ya ƙi juyawa, ba karyewa ba, kuma kananzir da buroshi suna narkar da shi. Duba haƙoran giya ko akwai wanda ya cinye. Duba bayan murfin, wani lokaci akwai lamba ko harafi a can.

*Gargaɗi:* a cikin Mitchell akwai wasu wosha sirara kamar takarda da ke manne da giya. Su ke daidaita haɗuwar haƙoran, kuma suna bin yatsa su ɓace. In ɗaya ya salwanta injin zai riƙa gurnani. Kada kuma ka kwance notin bakan waya don kallo kawai. Akwai sifirin a ƙarƙashinsa da ke tsalle, kuma samun madadinsa a Katsina sai an sha wuya. Hannun injuna da yawa ana cire shi ne ta hanyar juya shi baya, ba da filaya ba.

Yanzu ka duba ko duk sassan 'yan gida ɗaya ne. Injin da ya yi shekara hamsin yana aiki da wuya a ce ba a canza masa komai ba. Noti mai kuros guda ɗaya cikin masu tsaga, ko wanda mayen ƙarfe ya kama alhali sauran ba su kama ba, aro ne. Kwarkwaron roba mai sheƙi a jikin da fentinsa ya koɗe, aro ne. Akwai wanda aka kawo mini daga Daura, Mitchell ne na gaskiya, amma hannunsa ƙarfen keke ne da mai walda ya lanƙwasa, an sa masa maɗaurin katako da aka fafe da wuƙa, har wurin babban yatsa ya lotsa don amfani. Gyara ne mai kyau, ya yi wa mai shi aiki shekaru, amma ba za a ƙirga shi cikin shaidar shekaru ba. A Ambassadeur kuwa sassan shekaru daban-daban suna shiga juna, har ƙafar ma ana iya musanyawa, shi ya sa lambar ƙafa dole ta yi daidai da yawan notuna da rubutun faifai.

Idan ka gama, sa giris kaɗan a haƙoran giya, ɗigon man keke a sandar tsakiya da hannu, ka mayar da murfi. Giris mai kauri na mota yana sa inji nauyi.

7. Haɗa shaidun a takarda

Rubuta duk abin da ka samu, kowane da shekarar da yake nunawa. Ƙa'idar ita ce: a cikin sassan asali, alamar da ta fi kowace zama ta baya-baya ita ke faɗin shekarar da injin ba zai girme ta ba. Alamar da aka daina amfani da ita kuma ita ke faɗin shekarar da ba zai wuce ba. Tsakaninsu ne amsarka.

Ga misali. Baƙin inji, cikakken baka: bayan 1954. "Garcia Mitchell 300": tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da 1978. "Made in France" a jiki. Lambar ƙafa ta fara da D: 1974 ko 1975. Duk shaidun sun yarda da juna, ka gama. Wannan injin ya girmi madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983, kuma in an gyara shi zai ja tarwaɗa daga cikinta ba tare da gardama ba.

Idan shaida guda ta saɓa wa sauran, koma mataki na shida, mai yiwuwa sashen aro ne. Idan kuma ba ka sami lamba ba sam, ka tsaya a zango, ka ce "tsakanin 1960 da 1970". Ni a ganina wannan ya fi a ƙirƙiri shekara guda, domin shekarar ƙarya in ta shiga bakin mutane tana bin injin daga hannu zuwa hannu.

8. Farashi da ajiya

Tsufa daban, tsada daban. Mitchell 300 miliyoyi aka ƙera, saboda haka na shekarun 1960 da 1970 ba shi da tsada ko a Turai. Darajarsa a wajenmu ita ce ƙarko. Waɗanda ke da kuɗi su ne na farko-farko masu rabin baka, da Ambassadeur mai sunan Record, da injunan Hardy, musamman masu fentin asali da kwali. Don sanin farashi, shiga eBay, wato kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ka zaɓi kayan da aka riga aka sayar, ba waɗanda ake talla ba, don kowa yana iya rubuta kuɗin da ya ga dama. In kana tunanin sayarwa waje, ka fara tambayar kuɗin aikawa, sau da yawa yana cinye ribar.

A kasuwa, ma'aunina shi ne farashin sabon injin Chaina mai girmansa. In ban gama tantance tsohon ba, ba na wuce wannan. In mai kaya ya ce, "Alhaji, wannan tun na Turawan mulki ne," ka ce, "To Baba, bari in ga ƙafarsa," ka kifa ka duba a gabansa. In kuma ka gane abin da ke hannunsa ya fi kuɗin da ya faɗa nesa, ka ƙara masa, haƙƙinsa ne. Ƙafa mai tsagewa ko wadda aka yi wa walda ita ce aibin da ya fi kowane rage daraja, don ba ta gyaruwa yadda take.

*Gargaɗi:* kada ka sake masa fenti, kada ka goge tagulla har ta yi walƙiya. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi son koɗaɗɗen fentin asali, kuma sabon fenti yana cike lambar da ka sha wahalar karantawa.

Kafin ka ajiye, warware tsohon zaren roba ka yar, yana riƙe danshi ya ci kwarkwaro. Sassauta birki gaba ɗaya don kada woshan cikinsa su manne. Naɗe injin a tsumman auduga, ba a leda ba, domin leda tana tara gumi da damina. Sa shi a akwati nesa da rufin kwano, ka ɗaura masa 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da sunansa, lambarsa, zangon shekarun da ka gano, da sassan da ka tabbatar na aro ne.